Yadda Ake Lissafin Nauyi da Daidaiton Ƙaramin Jirgin Sama Kafin Tashi

Tambayar da ɗaliban tuƙi da masu sha'awar ƙananan jirage suka fi yi mini ita ce wannan: jirgi mai kujera huɗu, me zai hana shi ɗaukar mutum huɗu da jakunkunansu da cikakken tanki? Wasu kuma sun ga takardar lissafin a hannun malaminsu, amma layukan da lambobin sun rikita su. To ga yadda ake yi, daga farko har ƙarshe. Zan yi misali da Cessna 172S saboda yana cikin jiragen da aka fi koyon tuƙi da su a duniya, kuma tsarin lissafin bai bambanta ba ko da Piper ko Diamond ne a gabanka. Lambobin ne kawai ke sauyawa.

Abu biyu ake nema. Na farko, kada jimillar nauyi ta wuce abin da kamfanin da ya ƙera jirgin ya yarda. Na biyu, kada cibiyar nauyin, wato wurin da nauyin jirgin gaba ɗaya yake daidaita a kai, ta fita daga iyakarta, ta gaba ko ta baya. Duk wanda ya taɓa kallon ɗan ga-ruwa ya san na biyun. Garwa biyu ne a sanda ɗaya, amma in ya matsar da ɗaya can ƙarshen sandar, sai kafaɗarsa ta gaya masa, alhali ruwan bai ƙaru ko cokali ɗaya ba. Jirgi ma haka yake: inda ka ajiye kaya yana da tasiri kamar yawan kayan.

1. Tara kayan aiki

Kana buƙatar littafin matuƙi na jirgin, wanda ake kira POH, da takardar awon nauyi ta wannan jirgin shi kaɗai, mai ɗauke da lambar rajistarsa da sa hannun injiniya. Sai sikelin da ake takawa irin na gida, da ƙaramin sikelin rataye na auna jaka, da kalkuleta, da biro da takarda, da sandar auna mai wadda aka yi wa irin tankin jirginka.

Sikelan nan biyu ba su kai kuɗin man awa ɗaya a sama ba, don haka babu uzurin rashinsu. Manhajoji irin su ForeFlight da Garmin Pilot suna yin lissafin cikin ƙiftawar ido, amma ana biyansu da dala duk shekara, kuma abin da ka zuba musu shi za su mayar maka. Abin da ke cin kuɗi sosai shi ne sake ɗora jirgin kansa a kan sikeli, wanda aikin injiniyoyi ne masu lasisi, ba naka ba.

Gargaɗi: a cikin POH akwai misalin lissafi da kamfani ya buga. Wannan nauyin na misali ne, ba na jirginka ba. Ɗalibai da yawa suna kwafe shi saboda shi ne ya fi kusa da ido.

2. Nemo nauyin jirgin babu kowa a ciki

Buɗe takardar awon nauyi, ka nemi ta ƙarshe, wato mafi sabuwar kwanan wata. Duk lokacin da aka ƙara rediyo, aka sauya batir, aka cire wata na'ura ko aka yi sabon fenti, nauyi yana canzawa, injiniya kuma yana fitar da sabuwar takarda ya soke tsohuwar. Idan ka ga sabuwar na'ura a gaban matuƙi amma takardar ta girmi na'urar, ka tsaya ka tambaya.

Za ka ga lambobi uku: nauyi, da tazara, da abin da littafin ke kira moment. Bari in fayyace su sau ɗaya, don da su za mu yi ta aiki.

Kamfani yana zaɓar wani wuri a jikin jirgi ya ce daga nan ake fara awo. Mu kira shi layin tushe. A Cessna 172, layin tushe yana fuskar katangar ƙarfen da ta raba injin da ɗakin matuƙi. Tazara ita ce nisan abu daga wannan layin, da inci. Abin da ke bayan layin lambarsa sak take, abin da ke gabansa kuma ana sa masa alamar ragi. Moment shi ne nauyi sau tazara, wato ƙarfin da abin yake da shi na rinjayar da jirgin. Zan riƙa ce masa rinjaye.

A misalinmu, mu ɗauka takardar ta ce jirgin yana da laba 1,690, tazara inci 40.5. Rinjayensa ke nan 68,445.

Gargaɗi: a 172S, wannan nauyin ya riga ya haɗa da baƙin man injin cike da kuma ɗan man da ke kwance a tanki wanda injin ba ya iya zuƙa. A wasu tsofaffin jirage ba a haɗa da baƙin mai ba, sai ka ƙara shi da kanka, kuma tazararsa mai alamar ragi ce tunda injin yana gaban layin tushe. Karanta abin da takardarka ta ce.

Wani gargaɗin: kada ka ɗauki tazarar wani jirgi ka sa wa wani. Piper PA-28 layin tushensa yana inci 78.4 a gaban bakin fiffike, don haka lambobinsa duk sun fi na Cessna girma, ba don kujerunsa sun fi nisa ba.

3. Rubuta iyakokin jirgin a saman takardarka

Kafin ka auna kowa, ka san katangar da ba a tsallakawa. Ga na 172S a rukunin tafiya ta yau da kullum:

Nauyi mafi yawa a wurin fakin, kafin a ta da inji: laba 2,558.
Nauyi mafi yawa lokacin tashi da sauka: laba 2,550.
Wurin kaya na farko, bayan kujerun baya: laba 120.
Wurin kaya na biyu, can ciki wajen wutsiya: laba 50.
Wuraren biyu a haɗe: laba 120, ba 170 ba.
Iyakar cibiyar nauyi ta baya: inci 47.3, komai nauyin jirgin.
Iyakar gaba: inci 35.0 idan nauyi bai wuce laba 1,950 ba, daga nan tana matsowa baya a miƙe har ta kai inci 41.0 a laba 2,550.

Layin ƙarshen nan shi ne wanda ake yawan mantawa, za mu dawo kansa.

Gargaɗi: suna ɗaya ba ya nufin iyaka ɗaya. 172N laba 2,300 ne, 172P laba 2,400, 172R kuma 2,450. Wanda ya saba da S ya shiga N da lambobin S a ka, ya ɗora wa jirgin laba 250 da ba nasa ba.

4. Auna mutane da kaya, kada ka tambaya

Nan ne aikin yake da nauyin baki. A al'adarmu ba a cewa babba ya hau sikeli, ballantana mace. Amma abin da mutum ya faɗa da abin da sikeli ya nuna ba su cika haɗuwa ba, kuma ba ƙarya ake yi ba, yawanci mutum yana faɗin awon da ya yi ne shekaru biyar baya.

Na taɓa ɗaukar wani dattijo, abokin mahaifina. Na tambaye shi, ya ce kilo tamanin. Na fito da sikeli na ajiye a inuwar fiffike, na fara hawa da kaina, sannan na ce, "Baba, ranka ya daɗe, ƙa'idar aikin ce, kowa sai ya taka, ni ma ka ga na taka." Ya yi dariya ya hau da babbar rigarsa da jakar hannunsa, allura ta tsaya a 95. Ya leƙa ya ce, "To, wannan ai aikin tuwon Hajiya ne." Tun daga ranar nake fara hawa kafin kowa, kunyar sai ta ragu. Idan mace ce, ka juya sikelin yadda kai kaɗai za ka ga lambar, ka rubuta ba tare da ka furta ba.

A auna mutum da takalminsa da duk abin da zai riƙe a cinya. A auna kowace jaka. Kada ka manta da taka jakar, da na'urar sauraro da ake sawa a kunne, da robobin ruwa, da galan ɗin baƙin mai na ko-ta-kwana, da sandar jan jirgi da ke kwance a baya tun bara. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, katan guda na ruwan roba kaya ne sosai.

Kuma ka sa ido a minti na ƙarshe. Lokacin da kake zagaya jirgi kana dubawa, lokacin ne mai rakiya yake turo ƙullin kilishi da buhun shinkafa ƙarami "a kai wa su Inna". Duk abin da ya shigo bayan ka rufe lissafi, ko ya koma mota, ko a sake lissafin.

Gargaɗi: matsakaicin nauyi da manyan kamfanoni ke amfani da shi ba na ƙaramin jirgi ba ne. Ko a jirgin haya ya taɓa jawo asarar rayuka. A Janairun 2003 wani Beechcraft 1900 ya faɗi yana tashi a Charlotte ta Amurka, mutum 21 suka rasu, kuma cikin dalilan da bincike ya gano akwai cewa an yi lissafi da matsakaicin nauyin da ya gaza na gaskiya, cibiyar nauyi ta koma baya fiye da iyaka.

5. Mayar da komai awo ɗaya

Sikelinka kilo yake bayarwa, mai sayar da mai lita yake aunawa, littafin Cessna kuma laba da inci da galan ɗin Amurka ya sani. Ka mayar da komai zuwa awon littafin kafin ka fara ninkawa.

Kilo 1 kusan laba 2.205 ne. Galan ɗin Amurka lita 3.785 ne. Man avgas 100LL, wato fetur ɗin ƙananan jirage mai ruwan shuɗi, galan ɗaya laba 6 ne, wato lita ɗaya kusan kilo 0.72.

A misalinmu: matuƙi kilo 80, laba 176. Fasinjan gaba kilo 95, laba 209. Fasinja ɗaya a baya kilo 70, laba 154. Jaka kilo 25, laba 55.

Gargaɗi: galan ɗin da muka saba da shi a kasuwa na lita huɗu ba shi ne na littafin ba, na Ingila kuma lita 4.546 ne. Idan jirginka mai shan Jet A-1 ne, wato man jirgi mai kama da kananzir, irin Diamond DA40 NG, wannan man ya fi avgas nauyi, kusan kilo 0.8 kowace lita, kuma littafinsa da kilo da mita yake magana. Rikita kilo da laba ba ƙaramin abu ba ne. A 1983 mai ya ƙare wa wani Boeing 767 a sararin Kanada saboda irin wannan kuskuren.

6. Fara haɗa nauyi, mai ya zo a ƙarshe

Yi wannan matakin kafin a zuba maka mai. Zuba mai minti biyar ne, amma zuƙe shi daga tanki aiki ne mai cin lokaci, kuma sau da yawa wanda aka zuƙe ba ya komawa jirgi. Avgas ba a kowane filin jirgi ake samunsa ba a ƙasar nan, kuma ba arha gare shi ba.

Haɗa komai ban da mai: 1,690 da 176 da 209 da 154 da 55, sun tashi laba 2,284. Cire wannan daga 2,558, saura laba 274. Wannan shi ne gurbin da ya rage wa mai. Raba shi da 6, ka samu galan 45 da 'yan kai.

Tankunan 172S suna ɗaukar galan 56, wanda injin ke iya sha 53, wato laba 318. Da ka ce a cika tanki, da jirgin ya tashi laba 2,602, ya wuce iyaka da laba 44. Mutum uku ne fa kawai da jaka ɗaya. Saboda haka za mu zuba galan 45, laba 270, kusan lita 170.

Ga amsar tambayar farko: ƙara mutum na huɗu mai kilo 60, wato laba 132. Gurbin mai ya koma laba 142, galan 23 ke nan. Idan ka lissafa shan galan 10 a awa, ka ware na ajiya, tafiyar da ta rage ba ta kai awa biyu ba. Kujerun huɗu ne, amma zaɓi ne tsakanin mutum da mai.

Gargaɗi: kada ka daidaita nauyi ta hanyar cin man ajiya. A dokar Amurka, mafi ƙaranci shi ne na minti 30 da rana da minti 45 da dare ga mai tuƙi da ganin ido. Jirgi mai rajistar Najeriya ƙa'idar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, yake bi, ka karanta ta. Ni dai ba na tashi da ƙasa da awa ɗaya, musamman lokacin hunturu da ƙura kan rufe fili ba sallama. Idan man da nauyi ya bari bai isa tafiyar da ajiyarta ba, a rage kaya, ko a rage mutum, ko a yada zango a hanya.

Kuma kada ka yarda da agogon mai. Hau ka tsoma sanda a kowane tanki, jirgin yana tsaye a wuri mai baje. A 172S, idan mai ya tsaya daidai ƙasan ɗan ƙarfen da ke cikin bakin tanki, galan 17.5 ne a kowane ɓangare, 35 a haɗe.

7. Ninka kowane nauyi da tazararsa

Tazarar kowane wuri tana cikin sashe na shida na POH. A 172S: kujerun gaba inci 37, kujerun baya 73, wurin kaya na farko 95, na biyu 123, mai kuma 48.

Jirgi: 1,690 × 40.5 = 68,445
Kujerun gaba: 385 × 37 = 14,245
Kujerar baya: 154 × 73 = 11,242
Jaka: 55 × 95 = 5,225
Mai: 270 × 48 = 12,960

Jimillar nauyi: laba 2,554. Jimillar rinjaye: 112,117.

Duba yadda mutum ɗaya a baya ya kusa kamo rinjayen mutum biyu a gaba. Wannan ita ce garwar da ke ƙarshen sanda.

Yanzu cire man da za a ƙona wajen ta da inji, gangarawa bakin titi da gwajin inji. Littafin ya ware masa laba 8, rinjayensa 384. Saura laba 2,546 da rinjaye 111,733. Wannan shi ne nauyin tashi, kuma bai kai 2,550 ba.

Gargaɗi: inci 37 matsakaici ne. Kujerar gaba tana zamewa daga inci 34 zuwa 46. Dogon mutum mai jiki da ya tura ta ƙarshe, ka yi masa lissafi da inda take a zahiri.

Wani kuma: littafin Cessna yana raba rinjaye da 1,000 don lambobin su yi gajarta, sai 111,733 ya zama 111.7. Idan za ka bi wannan tsarin, ka bi shi a kowane layi. Haɗa 68.4 da 14,245 a jeri ɗaya shi ne kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai.

8. Raba, ka samu cibiyar nauyi

Jimillar rinjaye a raba da jimillar nauyi. 111,733 ÷ 2,546 = inci 43.9.

Kada ka haɗa tazarori ka ɗauki matsakaicinsu, wannan ba ya ba da komai. Kuma ka duba amsar da hankali: in kalkuleta ta ba ka 4.39 ko 439, yatsa ne ya zame.

9. Gwada amsar da iyakokin biyu

Ta baya mai sauƙi ce: 43.9 bai kai 47.3 ba.

Ta gaba sai an nemo ta, tunda tana tafiya da nauyi. Daga laba 1,950 zuwa 2,550 akwai laba 600, iyakar kuma ta matsa inci 6, wato inci ɗaya a kowace laba 100. To cire 1,950 daga nauyinka, raba da 100, ƙara a kan 35. Namu: 2,546 a cire 1,950 saura 596, wato 5.96, iyakar gaba ta zama inci 40.96. Muna 43.9, muna ciki, da sarari ta kowane gefe.

Littafin yana da zane mai kama da fili da aka kewaye. Ka nemi nauyinka a gefe, cibiyar nauyi ko rinjaye a ƙasa, ka ɗiga biro inda suka haɗu. Ɗigon ya faɗa cikin kewayen. Idan ya hau kan layi, ka ɗauka sikelinka na iya yin kuskuren kilo biyu, ka nemi sarari.

Gargaɗi: a cikin zanen akwai ƙaramin kewaye na rukunin atisaye, wanda ake shiga in za a koyi juyi mai tsanani. Iyakarsa laba 2,200 ce, cibiyar nauyi ba ta wuce inci 40.5, kuma kujerun baya da wurin kaya dole su zama wayam. Kada ka haɗa shi da babban.

10. Sake lissafin don lokacin sauka

Mai yana ƙonewa, cibiyar nauyi tana motsi. Mu ce tafiyar za ta ci galan 25, laba 150, rinjaye 7,200. Saura laba 2,396 da rinjaye 104,533, cibiya inci 43.6. Iyakar gaba a wannan nauyin 39.46 ce. Lafiya lau.

A 172 motsin kaɗan ne domin tankunan suna kusa da cibiyar nauyi. Akwai jiragen da ba haka ba, wasu nau'o'in Beechcraft Bonanza cibiyarsu baya take gudu yayin da mai ke raguwa, sai a tashi cikin iyaka a sauka a wajenta. Ka saba da yin lissafin uku: na tashi, na sauka, da na babu mai gaba ɗaya. Namu na ƙarshen shi ne 99,157 ÷ 2,284, inci 43.4.

11. Idan ka fita daga iyaka

Idan nauyi ne ya yi yawa, babu dabara sai ragewa. Wuce iyaka yana tsawaita gudun titi, yana rage hawa, yana kuma ƙara gudun da fiffike ke daina ɗaukar jirgi, abin da matuƙa ke kira sitol.

Idan cibiya ce ta fita, sau da yawa sauya wurin zama ya isa. Ƙa'idar ita ce: nauyin da ka matsar, sau nisan da ka matsar da shi, a raba da jimillar nauyin jirgi, shi ne yawan incin da cibiya za ta motsa.

Ga misalin da ke faruwa da gaske. Matuƙi siriri ne, kilo 60, laba 132. Baƙinsa biyu manya ne, kowa kilo 100, kuma don girmamawa duk an zaunar da su a baya, kamar yadda ake yi wa mai gida a mota. Laba 441 ke nan a inci 73. An cika wurin kaya, laba 70 a na farko, 50 a na biyu, an zuba galan 20. Jimilla laba 2,503, bai wuce iyaka ba, wanda ya tsaya a nan zai ce komai daidai. Amma rinjaye 124,082 ne, cibiya ta tashi inci 49.6, ta wuce 47.3 da fiye da inci biyu. Irin wannan jirgin hancinsa yana ɗagawa da kansa tun kafin a ja shi, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu, kuma idan ya shiga sitol ya fara juyawa, mai yiwuwa ba za a iya sunkuyar da hancin a fito ba. Wannan gefen shi ne mafi haɗari.

Maganinsa: ɗaya daga cikin baƙin ya dawo gaba. Laba 220 sau inci 36, a raba da 2,503, ya ba da kusan inci 3.2. Cibiya ta dawo 46.4, ta shiga. A jirgi, zama kusa da matuƙi ba raini ba ne, ka yi wa baƙonka bayani tun a ƙasa.

Ɗaya gefen ma yana faruwa, kuma ya fi kama masu koyo. Malami da ɗalibi, kowa kilo 110, laba 485 a gaba, tanki cike, baya babu komai. Mu ce wannan jirgin nauyinsa 1,690 ne shi ma, amma tazararsa 39.5. Bayan cire man gangarawa, nauyi laba 2,485, rinjaye 99,580, cibiya inci 40.07. Iyakar gaba a wannan nauyin 40.35 ce. Sun fita ta gaba, alhali wanda ya haddace "35" kawai zai ce suna da sarari inci biyar. Hanci mai nauyi yana wahalar ɗagawa a tashi, a sauka kuma sitiyari kan ƙare kafin hancin ya ɗago, sai tayar gaba ta fara dukan titi, wani lokaci har da farfela.

A nan ƙara nauyi ake yi. Jarkar ruwa mai lita 20, laba 44, a wurin kaya na farko: nauyi ya zama 2,529, rinjaye 103,760, cibiya 41.03, iyakar kuma 40.79. Sun shiga, da ƙyar. Gargaɗi: duk abin da ka sa a baya ka ɗaure shi da raga ko igiya. Jarkar da ta gangara wutsiya lokacin hawa ta rushe lissafin a daidai lokacin da ba ka da hannun gyarawa.

12. Kai nauyin ga jadawalin tashi

Laba 2,550 iyakar ƙarfin jirgi ce, ba alkawari ba ne cewa zai tashi a kowane titi a kowane yanayi. Ɗauki nauyin da ka samu ka shiga sashe na biyar na POH, ka nemi tsawon titin da kake buƙata da saurin hawa, bisa tsayin fili da zafin ranar.

Wannan ya shafe mu sosai. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana kusan ƙafa 1,560 sama da teku. A wannan tsayin, ma'aunin da aka gina jadawalin a kai yana zaton zafi kusan digiri 12. Ranar Afrilu da zafi ya kai 40, bambancin digiri 28 ne, kowane digiri kuma yana ƙara kusan ƙafa 120, sai injin da fiffike su ji kamar suna ƙafa 4,900. Filin Jos kuwa tun asali ya haura ƙafa 4,000. Jirgin da ya cika maƙil zai ci titi mai tsawo, ya hau a hankali kamar mai ciwon gwiwa. Idan lambobin sun matse, ka tashi da sassafe bayan asuba, ko ka bar jaka ɗaya.

13. Rubuta, sa hannu, ka duba da ido

Rubuta kwanan wata, lambar jirgi, sunan wanda ke kowace kujera da inda kowace jaka take. Idan manhaja ka yi amfani da ita, ka gwada amsarta da lissafin hannu aƙalla sau ɗaya ga kowane jirgi, sannan ka sake gwadawa duk lokacin da injiniya ya fitar da sabuwar takardar awo, domin manhajar ba ta san an sauya batir ba sai ka gaya mata.

Kafin ka rufe ƙofa, juya ka kalli ciki. Wanda ka rubuta a gaba yana gaba? Jakar da ka lissafa a inci 95 ba a tura ta can 123 don a samu wurin wata ba? Idan za ka yada zango, wani ya sauka ko ya hau, ko aka ƙara mai, ka fito da sabuwar takarda ka koma mataki na huɗu.